Shekarar da Na Nemi Ƙotar Bindigar Baba

Na san abin da ake gaya muku a ƙauye idan kun je gaisuwa ko biki. Wasu sun ce na sayar da bindigar kakanku na ci kuɗin. Wasu sun ce hukuma ce ta kama ni da ita ta ƙwace. Akwai ma wanda ya tari Musa a gaban mutane ya ce masa wai ubansa ya ga baƙi biyu a gona, ya tsere ya bar tsohuwarsa a gari. Ban taɓa zaunar da ku na ba ku labarin daga tushe ba, domin a lokacin ku yara ne, daga baya kuma bakina ya saba da shiru. Yanzu da ido ya fara raguwa, gara in rubuta muku yadda abin ya faru, ku auna da kanku.

Kun san ƙauyenmu, a bakin kogi, kudu da Gashuwa, idan mutum ya ɗauki hanyar Jakusko ya ratse. Babana, kakanku, aikin gandun daji ya yi tun yana saurayi. Da ya ajiye aiki sai ya mallaki bindiga tasa ta kansa, da takardar izini, wadda ni ma na ci gaba da sabuntawa bayan rasuwarsa. Ba adaka ba ce irin ta sauran maharba, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Mai sakata ce: akwai wani ƙarfe a gefenta da ake ɗagawa a ja baya kamar sakatar ƙofa, a tura gaba, harsashi ya hau. Duk yankinmu ita kaɗai ce. Ni manomi ne, ba da harbi nake ci ba, amma idan kura ta addabi awaki, ko aladun daji suka faɗa wa rogo da dankali a fadama, ƙofar gidanmu ake zuwa a yi sallama.

A farkon daminar shekarar da nake ba ku labari, muna dawowa daga fadama ni da ƙanena Sale a amalanke, na kwantar da bindigar a kan buhuna. Muna shiga mashigi sai bijimin ya zabura, ban san abin da ya gani a ruwa ba. Bindigar ta zame ta faɗi, tayar amalanke ta bi ta kanta. Ƙarfen bai yi komai ba, amma ƙotar, wato katakon da ake dafawa a kafaɗa, ta tsage tun daga wuya har wajen kunama. Na naɗe ta da robar taya, na ɗora ɗanyar fata a kai na bari ta bushe. Ranar da na gwada harbi, katakon ya buɗe ya doke ni a kunci. Tabon da kuke gani a ƙarƙashin idona na dama, wanda na riƙa ce muku ƙaya ce, daga nan ya samo asali.

A shekarun nan ne ƙasarmu ta rikice. Mutanen da ke cikin daji ba a kiran sunansu, sai dai a ce “yaran nan”, shi ma a hankali, bayan an waiga. An hana hawa babur, layin waya ya ɗauke, kowace hanya akwai shingen jami'an tsaro. Mu dai abin bai iso ƙauyenmu ba, labari muke ji daga bakin direbobi da masu kifi. Innarku Hajara, tana wanke mini kuncin da ruwan ɗumi, ta ce:

“Malam, ka bar ta a karye. Wannan ba shekarar gyaran bindiga ba ce.”

Iya kuwa, mahaifiyata, tana zaune a ƙofar ɗakinta tana ɓarar gyaɗa, ba ta ko ɗago kai ba ta ce:

“Ubanku bai taɓa barin ta ta kwana da tsatsa ba, balle karaya. Ko ba za ka sake harbi ba, ka gyara ta. Kunya ce.”

Ba maganar Iya kaɗai ta tura ni ba. Aladun daji sun yi yawa a shekarar, tunda maharba sun daina shiga daji. Gonar rogon wata bazawara maƙwabciyarmu sun tone ta kamar an yi huɗa. Bulama, mai garinmu, da kansa ya zo ya ce in taimaka. Na ce masa bari in nemo ƙota.

Na zaci abu ne na yini guda. Na fara da Audu kafinta a Gashuwa, wanda ya yi mana ƙofofin gida. Ina fara magana ya ajiye zarto, ya leƙa waje ya dawo.

“Malam Isa, ka sassauta murya,” in ji shi. “Wani maƙeri a layin can an tafi da shi a kan abin da bai kai wannan ba, har yau iyalinsa ba su san inda yake ba. Kuma ko babu tsoro, irin taka ba a sassaƙa ta da ka. Ta adaka ce kowa ke iya sassaƙawa. Wannan akwai ramin kunama, akwai gidan harsashi, akwai hudar noti, kowanne da mazauninsa. In na kuskure kaɗan, fuskarka za ta sake sha.”

Daga nan na je wurin Alhaji Garba, mai shagon kayan gini, wanda kakanninsa daga Haɗeja suka zo, kuma yana yawan shiga Kano. Ya ce akwai ta roba, baƙa, sabuwa, ana samu wurin masu sayar da kayan farauta da izini. Da ya faɗi farashin sai na yi dariya, don ya kai kuɗin maraƙi, ga shi damina ce, rumbu ya yi ƙasa. Ya ƙara da cewa su waɗannan na roba kowacce da irin bindigar da aka yi ta dominta, idan an kawo ba ta shiga tawa ba, ba a mayarwa. Na tambayi wani mai walda, ya ce zai haɗa mini tsohuwar da faranti biyu na ƙarfe, amma sai na kawo masa bindigar gaba ɗaya shagonsa, a tsakiyar gari. Na tambayi wani tsohon maharbi a kasuwar dabbobi. Na tambayi wani direba. Kowa sai ya girgiza kai ya tura ni gaba. A lokacin ban lura ba, amma ina tafe ina barin labari a baya: akwai wani Malam Isa a ƙauye kaza, yana da mai sakata. Direban ne ya ce in je Nguru, bayan tsohuwar tashar jirgi, wajen 'yan gwangwan, in tambayi Ba Modu.

Tafiya da bindiga zuwa Nguru a wannan lokaci, ko da takarda a aljihu, neman mutuwa ne. Sai na kwance ƙarfen na ɓoye a rumbu, na ɗauki tsagaggiyar ƙotar kaɗai, na cusa ta tsakiyar damin ƙotocin fartanya da Sale ya sassaƙa don sayarwa. Muka hau a-kori-kura ranar kasuwar Nguru. Kafin kowane shinge sai kowa ya sauka, a ɗaga hannuwa sama, a bi layi a ƙasa, motar ta biyo a hankali. A shingen da ke gaba da Jajimaji wani jami'i ya hau bayan motar yana zungurar kaya. Na ga ya tsaya a kan damina. Ya zaro ƙotar fartanya guda, ya jujjuya ta, ya dubi layinmu ya ce na wane ne. Na ce nawa ne. 

“Baba, noma?” ya ce, da Hausarsa ta baƙo.

Na ce, “Noma, ranka ya daɗe.”

Ya jefa ta ya sauka. 

Ba Modu tsohon Babarbare ne, dogo, da zane a fuska. Ya yi aiki a ma'aikatar jirgin ƙasa tun jirgi yana zuwa a kai a kai. Rumfarsa cike take da kekunan ɗinki da kwaɗuna da fitilu, abin da yake gyarawa ke nan a fili, amma maharba sun san shi. Ya ce mini wushe, gaisuwarsu ta Barebari, na amsa, ya tambayi garinmu da gidanmu kamar yadda ake yi, na faɗa masa. Ashe ya san Baba. Akwai wani mutum zaune a benci a gefe, da farar riga mai tsabta, yana riƙe da tocila, na ɗauka jiran gyara yake. Na gaishe shi ya amsa da fara'a.

Ba Modu ya dubi tsagaggiyar ƙotar, ya shiga bayan rumfa ya jawo wani buhu. Ya zazzage tsofaffin ƙotoci a ƙasa, na bindigogin da suka mutu tuntuni. Wata gara ta cinye cikinta. Wata ta fi tawa tsawo nesa ba kusa ba. Wata kyakkyawa, har na fara murna, amma da ya jera ta da tawa sai ramin kunamarta ya yi gaba. Ya yi ta gwadawa da ɗan tsinke yana tsaki. Can ƙasan buhun ya zaro wata ja, mai nauyi, da tabon wuta a gindi. Ba irin bindigarmu ba ce, in ji shi, amma 'yar uwarta ce, hudojin noti sun yi daidai, mazaunin ƙarfen ne ya ɗan matse.

“Wannan za ta zauna, amma sai ka yi haƙuri da ita,” ya ce. “Ka shafa wa ƙarfen baƙin tukunya, ka danna shi a ciki, ka cire. Inda ka ga baƙi a katako, nan za ka kankare, kaɗan-kaɗan. Kada ka yi sauri. Abin da ka cire ba ya dawowa.”

Kuɗin da ya nema bai wuce na 'yar akuya ba, kuma da ma akuyar Hajara na sayar na taho. Ina ƙulla ƙotar cikin damin sai mutumin nan na benci ya yi magana, murya a sanyaye.

“Mai sakata ce ke nan, Baba. Irinta ta yi wuya yanzu. Tana cin nesa kuwa?”

Kafin in buɗe baki Ba Modu ya ce masa tocilarsa ba za ta samu yau ba, ya dawo wani lokaci. Mutumin ya yi murmushi, ya yi mana sallama ya tafi. Na lura ɗan yatsansa na hagu guntu ne. Da ya ɓace cikin kasuwa Ba Modu ya dube ni.

“Ka san shi?”

Na ce, “Na zaci naka ne.”

“Yau na fara ganinsa,” in ji shi. “Kuma tocilar nan lafiyarta ƙalau. Kada ka tsaya cin abinci, ka hau motar farko.”

Na dawo gida lafiya, kuma da kwanaki suka wuce ba abin da ya faru sai na ce wa raina tsoron tsofaffi ne. Kullum bayan la'asar ni da Sale muna bayan gida ƙarƙashin tsamiya, ina shafa baƙin tukunya, ina dannawa, ina kankarewa da ƙaramar wuƙa. Binta, ke kina iya tunawa, kin zo kin ga hannuwana baƙi ƙirin kin ce ko na koma girki. Ranar da ƙarfen ya faɗa mazauninsa da kansa, notin ya shige ba gardama, na ɗaga ta na dafa a kafaɗa, sai na ji kamar an yi ta ne da jikina. Na kai wa Iya. Ta shafa katakon da tafin hannu, ta ce ja ya fi kyau da ita. Na yi niyyar ranar Asabar in fita wa aladun.

Ranar Alhamis da hantsi ina gonar gero ni kaɗai, geron ya fitar da kai ya fi ni tsawo, sai na ji sallama. Mutum biyu ne, sun jingina kekuna a jikin gawo. Ɗaya ban san shi ba. Ɗayan da ya miƙo mini hannu na ga guntun yatsa. Ya gaishe ni kamar ɗan uwa. Ya yaba geron. Ya tambayi jikin Iya. Ya ce yaya Binta da Musa, ya ce ya ga Musa ɗazu a bakin rijiya da jar hula. Ban taɓa gaya wa kowa a Nguru sunayenku ba. 

“Ƙotar ta zauna, Baba?”

Na ce ban gama ba tukuna.

“Ta zauna,” ya ce, yana murmushi. “Aro muke so. Ba ƙwace ba, aro. Da harsasan da suka rage. Kai dattijo ne, ba ma son mu shiga gidanka mu tayar wa iyali hankali. Bayan kasuwar Gashuwa mai zuwa za mu biyo ta nan, ka ajiye mana ita a gindin gawon nan. Kuma ka san ko'ina muna da kunne.”

Suka hau kekunansu suka bi ta cikin gero. Har yau ban san ko yaran nan ne na daji ba, ko ɓarayin shanu ne da suka fake da sunansu. Ban tsaya tambaya ba. Na zauna a kan kunyar gero har rana ta take.

Da azahar na kore ku waje, muka taru a tsakar gida: ni, Hajara, Sale da Iya. Sale jininsa zafi ne, ya ce mu tara matasa mu yi musu kwanto a gero. Na ce in mun kashe biyu, wa zai tare waɗanda za su biyo baya? Ya ce to mu jefa ta kogi. Hajara ta ce wa zai yarda? Za su ce mun ɓoye, su ɗauki Musa har sai mun fito da ita. Na ce in je in kai rahoto a asirce. Sale ya ce asirin da ya wuce mutum biyu a wannan zamani ya zama na kasuwa, kuma tambayar farko da za a yi mini ita ce yaya aka yi suka san ni. Babu wanda ya ce a ba su. Kowa ya san abin da mai sakata take yi daga nesa, kuma ba alade za su harba ba. Iya ta buga sandarta a ƙasa.

“Bindigar ubanku ba za ta bar gidan nan ba ina raye. Ku haƙa rami a ɗakina ku binne, in shimfiɗa tabarmata a kai. Su zo su ɗaga ni.”

“Iya, za su ɗaga ki,” in ji Hajara. Ban taɓa jin ta mayar wa Iya magana ba sai ranar. Hawaye na zuba amma muryarta ba ta rawa. Ta juyo gare ni. “Malam, abin da suke so shi ne bindiga. Idan duniya duka ta ga ta fita daga hannunka, ba su da abin nema a gidan nan. Kada ka kai ta a ɓoye. Ka kai ta ranar kasuwa, da rana tsaka, a ka, kowa yana kallo.”

 Na san gaskiya ta faɗa, na kuma san mutumin da ya doshi shingen tsaro da bindiga a wannan shekara ba lalle ya kai ƙofa ba. Iya ta tashi ta shiga ɗaki ta saki asabari. Ba ta ci tuwon ranar ba.

Bulama da na gaya masa, sai da ya cire hula ya share zufa. Amma Allah ya jiƙansa, bai guje ni ba. Ana gobe kasuwa ya je Gashuwa ya ga babban jami'in da ke kula da wurin, ya ce masa wani talakansa zai kawo bindigar gado ya miƙa. Ni kuma na shirya da direban nan cewa da sassafe ya kwashe Hajara da ku ya kai ku Nguru, gidan wata 'yar uwarta. Muka ce wa maƙwabta bikin suna za ku. Na durƙusa a ƙofar ɗakin Iya na roƙe ta ta bi ku. Ta amsa daga ciki, ba ta ɗaga asabarin ba.

“A nan aka binne ubanku. Ka je ka yi abin da matarka ta ce.”

Muka isa bakin Gashuwa da hantsi a amalanken Sale, bindigar tana ƙarƙashin tabarma. A nan na fito da ita. Na zare sakatar na sa a kwano tare da harsasai da takardar izini, Bulama ya riƙe kwanon a gaba. Bindigar kuma na ɗaure ta a kan wani falankin katako, na ɗora a ka, na riƙe da hannu biyu, yadda kowa zai ga hannuwana suna sama. Muka ratsa ta tsakiyar kasuwa, ta layin masu kifi, ta layin masu hatsi. Bulama yana tafe yana ɗaga murya:

“Jama'a ku shaida! Malam Isa ne zai miƙa bindigar ubansa ga hukuma! Ku shaida!”

Mutane suka dare. Mata suka kwashi yara, wata ta kifar da ƙwaryar nono. Wasu suka biyo mu daga nesa. Na ga Audu kafinta a ƙofar shagonsa ya dafe kai. Ni dai ƙasa nake kallo, ina jin kamar kowace rumfa akwai mai guntun yatsa a ciki yana kallona. 

Abin da ba mu sani ba shi ne an canja masu gadi da safe, kuma wanda ke bayan buhunan yashi a ƙofa ba a gaya masa komai ba. Yana hango mu, mutum da bindiga a ka da taro a bayansa, sai ya daka tsawa. Na ji ƙarar da bindiga take yi idan an ɗana ta. Wannan ƙara na san ta fiye da kowa a wurin. Taron da ke bayanmu ya watse. Bulama ya zube a gwiwa ya ɗaga kwano sama yana kiran sunan babban jami'in. Ni ma na durƙusa, amma na kasa sauke falankin, don na san in hannuna ya motsa shi ke nan. Bakin bindigarsa yana daidai ƙirjina, kuma na ga yana rawa. Shi ma tsoro yake ji. Na yi kalmar shahada. Ba zan ɓoye muku ba, na ji ɗumi yana bin cinyata, ban kuma ji kunya ba a lokacin. Ban san tsawon zaman da muka yi a haka cikin rana ba. Sai na ji wata murya daga ciki ta yi magana da ƙarfi, bakin bindigar ya yi ƙasa a hankali.

Suka karɓe ta, suka shigar da mu. An yi mini tambayoyi har la'asar, wannan ya fita wancan ya shigo, tambaya ɗaya ta fuskoki da yawa. Ba wanda ya taɓa ni. Daga ƙarshe babban ya sallami kowa ya bar ni ni kaɗai. Bindigar tana kan teburinsa. Ya ce mutum ba ya gyara abu haka da kyau sannan ya kawo shi kyauta, wa ya nema? Na gaya masa abin da na sani, wanda ba shi da yawa: mutum biyu, kekuna, guntun yatsa. Sai ya ce:

“Baba, iyalinka suna ina?”

Na ce suna Nguru.

“To kai ma kada ka kwana a ƙauyen nan. Ba ni da mutanen da zan ajiye a ƙofar gidanka.”

Na fito da wando a bushe da tabo, na yi wa Bulama godiya, na ce wa Sale ya kula da Iya. Na hau motar ƙarshe zuwa Nguru, ba ko buta a hannuna. Ban taɓa harba bindigar da sabuwar ƙotarta ba, ko sau ɗaya.

Zaman Nguru kun san shi, a cikinsa kuka girma. Ɗaki guda muka fara da shi. Ni da nake da gona da fadama na koma ɗaure kwalayen busasshen kifi a kasuwa, ina ɗora wa masu mota. Wata da watanni in na ga farar riga mai tsabta ta doso ni sai in ɓuya bayan kwalaye. Ban bar Musa ya je ko bakin titi shi kaɗai ba, yana ta fushi da ni bai san dalili ba.

Bayan girbi Sale ya zo da buhunan geronmu, shi ya ba mu sauran labarin. Mutanen nan biyu sun dawo, kamar yadda suka ce. Sun same shi a gonar. Mai guntun yatsa ya ce ya ji abin da ya faru a kasuwa, gaskiya ne? Sale ya ce duk Gashuwa ta gani. Mutumin ya karya kan gero guda, ya murtsuke a tafin hannu, ya hure, ya ce a gaida Baba, a ce masa yana da wayo. Suka tafi. Ba su shiga gari ba, ba su taɓa kowa ba, ba a kuma sake ganinsu ba. Sale ya ce in bari a ga shekara tukuna kafin in leƙo.

Iya ba ta kai shekarar ba. Da bazara ta kwanta, ciwon kwana kaɗan. Babu waya, saƙon ya zo ta bakin direba, kuma kafin ya same ni an riga an kai ta. Na je daga baya, da rana, na tsaya a kan kabarinta na yi addu'a na juyo kafin la'asar. Na tambayi Sale ko ta ambace ni. Ya ce ta tambaya ko yaran suna cin abinci sosai a can. Ban matsa masa ba. Wannan shi ne abin da shekarar ta ci mini, kuma ba ranar da ba na jin nauyinsa.

Da abubuwa suka lafa Sale ya ce in dawo, gonata tana nan. Innarku ta ce duk abin da na zaɓa. Na dube ku, kun shiga makaranta, kun yi abokai, Binta har ta fara jin Barbarci, sai na bar wa Sale gonar. Don haka idan wani ya sake ce muku ubanku ya gudu, kada ku yi faɗa da shi, ku ce masa haka ne. Na gudu da mace ɗaya da 'ya'yana, kuma ga ku nan duka, kowa da nasa 'ya'yan, kuna karanta wannan.